Askin Juma'a a gidan Yallaɓai

Ni wanzami ne a Ƙofar Dumi, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Lokacin mulkin soja, kowace Juma'a da hantsi nakan ɗauki zabirata in tafi GRA, unguwar manya, in yi wa wani babban jami'in tsaro aski. Ba ya sa kaki, farar shadda yake sawa. A gari ba a kama sunansa, sai dai a rage murya a ce Yallaɓai.

Yana da ƙa'idarsa. Sai na ɓare sabuwar reza a gaban idonsa, kuma kujerarsa kullum tana fuskantar ƙofa. Idan na zo wajen maƙogwaro sai ya kama gefen rigata ya riƙe har in wuce wurin.

Mahaifina ya koya mini cewa wanzami ba ya aski shiru, don hira ce take sa mutum ya saki wuyansa. Haka nake yi wa kowa. Shi kuma Yallaɓai ya iya sauraro. Da na shafa sabulu zai ce, "Sarkin aska, me ake ciki a unguwa?" Sai in ba shi labarin layin mai, da wanda ya yi aure, da wanda akuyarsa ta ɓata.

Wata Juma'a na ba shi labarin wani malamin firamare, Kirista daga kudancin jiharmu, mai haya a layinmu. Mutumin ya iya kwaikwayon muryar shugaban ƙasa. Yakan zauna a rumfata ya yi jawabi irin na rediyo, har da tari, mutane su yi ta faɗuwa don dariya. Wallahi don dariya na faɗa. Yallaɓai ya yi dariya har sai da na ɗaga reza. Sannan ya ce, "A wace makaranta yake?" Ni kuma ba na ƙarya. Na faɗa masa.

Ba a yi wata ɗaya ba aka zo da mota aka ɗauke malamin a makaranta, a gaban ɗalibansa. Sai bayan damina ya dawo. Kunnensa na hagu ya daina ji, aikinsa ya tafi. Bai sake zama a rumfata ba. Tun daga ranar ban ci abinci da daɗi ba. Nakan ce ai mutane da yawa sun ji shi yana kwaikwayon, sai kuma in tuna ni ne na ambaci makarantar.

Da mulkin ya ƙare, aka kira Yallaɓai Abuja gaban masu bincike. Aka sallame shi daga aiki, aka karɓe gidan. Masu cika masa falo duk suka watse. Ya koma ɗaki guda a gidan ƙanensa a Ɗan Iya, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Ya aiko a kira ni. Na daɗe ina tunani ko zuwan ne laifi, ko ƙin zuwan ne laifi. Na je.

Ina yi masa aski a kan tabarma na daure na ce, "Ranka ya daɗe, malamin nan na layinmu, maganata ce ta sa aka kama shi?"

Ya ce, "Wane malami?"

Na kwatanta masa. Bakinsa a karkace ya ce, "Sarkin aska, takarda ake kawo mini in sa hannu. Ka san su nawa ne? Gama mini gemun nan."

Bai tuna shi ba. Bayan 'yan watanni ya rasu, sahun jana'izarsa bai cika biyu ba.

Daga maƙabarta ban koma gida ba. Na wuce shagon malamin, inda yanzu yake sayar da littattafan rubutu da biro. Na zagaya ta wajen kunnensa mai ji, na durƙusa, na faɗa masa komai, har da tambayar makaranta.

Ya dube ni ya ce, "Tashi, maƙwabci, kada mutane su ɗauka wani abu ne. Kai ne na huɗu. Mai shayi ya zo, hedimasta ya zo, har mai gidan da nake haya ya zo, kowa ya ce shi ne."

Na ce, "To ni, ka yafe mini?"

Ya ce, "Wa zan yafe wa? Ban san wane ne a cikinku ba."

Wata mata ta shigo sayen biro, ya juya wajenta. Na tsaya har ta tafi, shi kuma ya shiga jera littattafansa. Har yau ina wucewa ta gaban shagon muna gaisawa, kuma ban sami ƙarfin halin sake tambayarsa ba.