Babban Birnin Kodebuwa a Majalisar Surukina

Shekarar da aka turo ni koyarwa Maigatari daga garinmu Gagarawa, ban san aure zai kama ni a can ba, balle in san irin surukin da Allah ya tanadar mini. Tsohon direban babbar mota ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar albasa da busasshen barkono zuwa ƙasashen yamma, ya dawo da goro. Da ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi sai ya zauna gida, ya rungumi rediyo, ya naɗa kansa masanin duniya. Duk ranar Juma'a bayan la'asar akan shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, dattawan unguwa su taru, shi kuma ya riƙa jefo musu tambayoyi. Wane kogi ne ya fi kowanne tsawo? Ƙasashe nawa ne suka yi iyaka da Nijar? Me ya sa raƙumi ke jure ƙishirwa? Wanda ya kasa a yi masa dariya, Baba, wato surukin nawa, ya ba da amsa, ya kurɓi shayi.

Kuma tsakani da Allah ya san abubuwa. Zai jero maka sarakunan Gumel ba gargada, ya faɗa maka tauraron da in ya fito manomi zai fara gyaran gona, ya lissafa maka garuruwan da ke tsakanin Damagaram da Yamai ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce in ya kauce hanya, kaucewar babbar mota yake yi, da kaya duka yake faɗawa rami. A wurinsa jemage tsuntsu ne, kogin Kwara ya fi kowane kogi tsawo tunda shi ya gani da idonsa, kuma ƙasar Zayar tana nan da sunanta.

Ni kuwa labarin ƙasa nake koyarwa a ƙaramar sakandare, saboda haka duk amsar da ya bayar sai ya waiwayo inda nake ya nemi hatimi.

"Ko ba haka ba, Malam?"

To, me zan ce? Mutumin da nake cire takalmi tun daga nesa in zan gaishe shi, wanda ba na hawa tabarmarsa, ba na haɗa ido da shi, ban taɓa kai loma baki a gabansa ba. A gefe nake tsugunawa har ƙafafuna su sage. Shi zan ɗaga kai a gaban jama'a in ce masa jemage nono yake shayarwa? Haba! Sai in ƙara sunkuyar da kai in ce, "Haka ne, Baba." Shekara tara ina wannan sana'a. In na koma gida in yi ta huci, in kwashe duk gyaran da na haɗiye in juye wa maiɗakina. Ita kuma ta ce ita ba ta tambaye ni ba, in na isa in je in faɗa wa mai shi, sannan in matsa mata tana tankaɗe.

Akwai wani tela a majalisar, mutumin ƙetaren iyaka ne da ya daɗe da zama a garin. Mushe yake kirana, yadda suke kiran malamin boko a can. Ya yi 'yan shekaru a makaranta a ƙasarsu, don haka ya daɗe yana jin haushin yadda Baba ya mallake kujerar sani. Mutum ne siriri mai kaifin baki, ni kaina ba sonsa nake ba.

Wata Juma'a Baba ya tambayi babban birnin ƙasar Kodebuwa. Kowa ya kasa. Sai ya ba da amsa da kansa, ya ce Abijan, ya kuma ɗora da labarin yadda ya kwana goma sha biyu a tashar garin yana jiran lodi. Tela ya gyara zama ya ce a'a, Yamusukuro ne. Baba ya ce shi bai taɓa jin wani gari mai wannan suna ba, ko sunan magani ne? Aka kwashe da dariya. Tela ya ƙeƙasa ƙasa ya ce shi a makaranta aka koya masa. Baba ya ce shi kuma da ƙafarsa ya taka. Musu ya yi zafi har mai shayi ya manta butarsa a wuta. Daga nan tela ya nuno ni, ya ce ga alƙali nan a tsugune, ai don wannan gwamnati ke biyansa, a bar Mushe ya raba gardama.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tela ne ke da gaskiya, kuma makonni biyu kafin nan ni da hannuna na rubuta Yamusukuro a allo, na sa yara suka maimaita har sau uku saboda wuyar faɗarsa. Rabin mutanen da ke kan tabarmin nan iyayen ɗalibaina ne. Ga Baba ya juyo yana kallona da fara'a, hankalinsa kwance, ko a jikinsa.

"Ko ba haka ba, Malam?"

"Haka ne, Baba."

Aka yi wa tela ca. Wani ya ce ya koma kan kekensa, wani ya ce makarantar tasu ta bogi ce. Ya tashi ya kaɗe riga, ya yi mini wani kallo, ya tafi ko sallama babu.

Abin da na manta shi ne jarrabawar ƙarshen zango ranar Litinin take, kuma tambayoyina an riga an buga su tuntuni. Tambaya ta bakwai kuwa ita ce babban birnin Kodebuwa. Da na zauna gyaran takardu sai na ga Abijan. Na buɗe ta biyu, Abijan. Ta uku haka. Ashe iyayen sun koma gida sun ba da labarin yadda Malam ya kunyata tela, yaran kuma suka ga ai abin da Malam ya faɗa a gaban manya ya fi wanda ya rubuta a allo ƙarfi. Wata yarinya ma, don kada a yi mata gardama, sai ta rubuta Abijan, ta ƙara da cewa kamar yadda Malam ya tabbatar ranar Juma'a. Wadda ta rubuta daidai a cikin 'yan unguwar ita ce 'yar tela, kuma har layi biyu ta ja a ƙarƙashin amsar.

Na riƙe jan biro ina lissafi. In na ba Abijan maki, na cuci yara, na zama maƙaryaci a aji kamar yadda na zama a majalisa. In na soke, ranar Alhamis za a raba takardu, kuma na san tela kamar yunwar cikina: ranar Juma'a zai zo da takardar 'yarsa a aljihu, ya shimfiɗa ta a gaban Baba da sa hannuna a jiki. Dattijon da ya yi shekara da shekaru ana ce masa masani, a ƙofar gidansa za a yi masa dariya, kuma da birona.

Na soke duk Abijan ɗin.

Sai na koma neman wanda zai kai wa Baba labari kafin Juma'a. Na roƙi maiɗakina, tunda mahaifinta ne. Ta ce lokacin da nake cewa haka ne ban shawarce ta ba, don haka in je in kwance abin da na ɗaure. Na ce mata ba ta da tausayi. Ta ce in gaishe shi.

Ranar Laraba da hantsi na same shi shi kaɗai a zaure yana sa wa rediyonsa batir. Na cire takalmi, na tsuguna, na gaishe shi, na tambayi gwiwa, na tambayi gona, na tambayi tumakin da ba nasa ba ma. Har ya gaji ya ce in akwai magana in faɗa. Sai na fara kewaye-kewaye. Na ce ai Baba ya yi gaskiya, lokacin da yake zuwa can Abijan ne babban birni, kuma har yau shi ne gari mafi girma. Sai dai bayan ya daina zuwa mutanen sun ɗauke hedikwatar sun mayar wani gari. Ya tambayi sunan garin. Na faɗa a hankali, kamar mai faɗin rasuwa.

Ya ajiye rediyon. Ya tambaye ni yaushe aka yi haka, na ce tun ina yaro. Ya tambaya ko na san haka ranar Juma'a, na ce na sani. Sai ya ce ban da wannan akwai wani? Ni kuma, shashasha, da na ga ƙofa ta buɗe sai na kwararo. Na faɗi na Zayar, na faɗi na kogin Kwara, na faɗi na jemage, har da waɗanda shi ya manta ya taɓa faɗa. Shekara tara na kaya na sauke masa a zaure, ina yi ina jin daɗi, sai da na ga ya ture rediyon gefe sannan na ja birki.

Na zaci faɗa zai yi, ko ya ce in kwashe bokona in ba shi wuri. Da ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce gobe da safe zai je shagon tela da kansa ya ba shi haƙuri, tunda an ci mutuncin mutum a ƙofar gidansa a kan gaskiyarsa. Sannan ya kira ni, ya ce in ɗago kai in dube shi. Na ɗago da ƙyar.

"Duk lokacin da na ce ko ba haka ba, tambayarka nake yi, Malam. Ni ban yi makaranta ba. Da 'yata ta auri malami na yi murna, na ce na samu ɗan da zai riƙa gyara mini. Ashe suruki kawai na samu."

Ya ɗauki rediyonsa ya shiga cikin gida yana ɗingishi. Ni kuwa na daɗe a tsugune a zauren nan ni kaɗai kafin in tashi in sa takalmina.