Ranar da Sahabi ya ɓace cikin dawa

Wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji uku na firamare, muka fita roron wake a gonarmu da ke bayan ƙauye, can wajen Fakku. An riga an yanke gero, amma dawa na nan tsaye, ta fi Baba tsawo, kawunanta sun yi jajir. Inna ta shimfiɗa zane a gindin marke, ta zaunar da ƙanena Sahabi, ta ba shi ƙoƙo da ɓawon wake yana wasa, ni da ita muka sunkuya aiki. Da kwandona ya cika na dawo in juye, sai na tarar da zane da ƙoƙo, babu Sahabi.

Da wani yaron ne, sai a ƙwala kira ya amsa. Sahabi kuwa ya kusa shekara uku bai taɓa furta kalma ba. Ni na yi rainonsa, shi ya sa na san komai nasa. A bayana yake in na je ɗebo ruwa, a cinyata yake in muna carafke a zaure. Ya zauna da wuri, ya yi rarrafe har gwiwoyinsa suka yi kanta, haƙora suka fito masa da zawo da zazzaɓin da ya hana Inna sukuni. Ni na riƙe masa yatsu ina masa tatata har ya saki hannuna ya taka zuwa turmi, Inna ta ajiye taɓarya ta yi guɗa. Baki ne kawai ya ƙi buɗewa. Luba 'yar maƙwabtanmu, wadda aka yi sunansu mako guda, har aikenta ake yi. A bakin rijiya mata kan tambayi Inna, "Har yau shiru?" Ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Lokacinai na bai yi ba." Amma in mun koma gida, sai ta lallaɓa ta bayansa ta saki tasa a ƙasa, ta ga ko zai firgita. Yakan juyo, ita kuma ta sauke numfashi, gobe ta sake. An sha rubutu. Baba ya ɗauke su a babur har asibitin Tambuwal, aka duba kunnuwa aka ce lafiya lau, a dai riƙa yi masa hira.

Ranar nan na ji muryar Inna yadda ban taɓa ji ba. Tana kiran sunansa tana kutsawa cikin dawa, ɗankwali ya faɗi ba ta waiwaya ba. A iyakar gonarmu akwai tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe bakinta. Can ta nufa da gudu, ta kwanta rub-da-ciki tana leƙawa, ni kuma na tsaya nesa, na kasa matsawa. Ruwan bai motsa ba. Baba da maƙwabtan gona suka iso da laujensu a hannu, aka watsu. Na durƙusa ina bin ɗan sawunsa a yashi, ganyen dawa na yankar min hannuwa, har sawun ya shige cikin na awaki ya ɓace. Can Inna ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru. Muka tsaya cik muna saurare, alhali duk mun san ba zai amsa ba. Ba abin da ake ji sai kaɗawar ganye.

Rana ta take tsaka muka ɓullo burtali, hanyar shanu. Wata dattijuwar Bafulatana na zaune a inuwa da ƙwaryar nononta, Sahabi na jingine da ita, bakinsa fari fat.

"Ɗan ga naku na?" in ji ta. "Ya biyo ni shina ta ce min nono, nono, sai da na ba shi."

Inna ta fizge shi ta rungume, tana shafa kansa da ƙafafunsa. Sai can maganar ta shige ta. Ta ɗago. "Baiwar Allah, mi kinka ce? Ai ba shi magana."

"To, wa yac ce nono? Ni dai da kunnena na ji."

Inna ta riƙe haɓarsa tana roƙonsa ya sake faɗi. Ya dube ta, ya lashe baki, ya kwantar da kai a kafaɗarta. A nan ta fashe da kuka.

Har aka gama yankan dawa bai sake cewa komai ba, har wasu suka fara cewa kunnen tsohuwar ne ya ruɗe ta. Inna ba ta yi musu da kowa ba, ta dai ƙara yawan hira da shi, tana daka tana gaya masa sunan kowane abu. Wata safiya tana cuɗa shi a bayan ɗaki, ta kwara masa ruwan sanyi, sai ya ture hannunta ya ce, "A'a!" Ta zauna daɓas cikin caɓi tana dariya tana kiran Baba.

Yau Sahabi magidanci ne, kuma har gobe ba mai yawan magana ba ne. Ni ina aure a Tambuwal, ɗiyata ta shekara ba ta fara takawa ba. Ina da katin asibiti, ina da waya da ke gaya min watan da ya kamata yaro ya yi kaza, amma duk da haka nakan tsayar da ita jikin gado in ja da baya ina miƙa mata hannu. Inna ta rasu ban taɓa tambayarta yadda ta iya wannan jira ba. Sai yanzu na san nauyinsa.