Kwancen Yaya

A ƙaramin asibitin da take aikin yankan kati, Anti Kyauta ake ce mata, kuma sunan yana yi mata daɗi ba kaɗan ba. Mace ce mai son sutura. In ta ga sabon yadi a jikin wata, ba ta da sukuni sai ta ɗinka irinsa, shi ya sa durowarta kullum a cike take har ƙofar ba ta rufuwa. In abin ya ishe ta sai ta zube kayan a kan gado, ta ware waɗanda ta gaji da su, ta cusa a jaka, ta kira ƙanwarta ta zo ta ɗauka.

"Ni ban yarda da zubar da tufa a bola ba," haka take gaya wa abokan aikinta. "Tufa ba ta mutuwa, gida take canzawa. Kuma ina raye jinina ba zai sa gwanjo ba. Kayan da ba ka san jikin wanda ya tuɓe ba? Allah ya kiyaye! Kwance dai, kwancen 'yar'uwa."

To amma akwai abin da ba ta faɗa musu. Kafin riga ta shiga jakar nan, sai reza ta bi ta kanta. Maɓalli mai kyau, ta cire. Zif mai lafiya, ta farke. Leshin bakin hannu ma in bai koɗe ba sai ta ɓamɓare, wai za su yi amfani wata rana. Kuma ba ta rabuwa da riga sai hammata ta cinye, ko dutsen guga ya yi mata tambari. Ita a ganinta tattali ne wannan. Ƙanwar kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya budurwa guda, kullum hannu biyu take karɓa, ta ce Allah ya ƙara buɗi.

Wata rana aka tashi aiki da wuri, Anti ta ce bari yau ta kai jakar da kanta, an daɗe ba ta leƙa su ba. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida. Tana yin sallama, wata maƙwabciya mai kitso, wadda bakinta ba ya hutawa, ta saki kan da take yi ta miƙe.

"Lale lale! Wannan ce Yayar? Yau ga mu ga mai abin arziki! Baiwar Allah, irinku sun yi ƙaranci. Dubi 'yarki yadda kika fito da ita!"

Yarinyar ce ta fito gaishe ta, cikin wata doguwar riga shuɗiya, tsaf, maɓallai a jere har wuya. Anti ta kalli rigar sama da ƙasa. Wallahi tunda take ba ta taɓa ganinta ba. Da yarinyar ta durƙusa kusa da ita kuwa, sai hancin Anti ya jiyo warin nan na dilar gwanjo, wanda wanki ɗaya ba ya fitarwa. Ta sunkuyar da kai, sai ga koren siket ɗinta da ta ba su shimfiɗe a bakin ƙofa, ana goge ƙafa da shi.

Ranta ya fara ɓaci, har ta buɗe baki, sai ta ji hannun mai kitso a kan jakar.

"Kawo mu gani, mu ma mu wanke ido. Ko ɗankwali a sammana."

Anti ta san abin da ke sama: riga mai ƙunar guga a ƙirji, gabanta a wangale. Ta damƙe hannun jakar, matan gida duk sun zubo ido, mai kitso na ja tana dariya. Ƙanwar ta fito da sauri ta fizge.

"A'a, mai kaya ce ke fara gani," ta ce, ta ja yayarta ɗaki ta saki labule.

Anti ta zauna a bakin katifa, ta tambaye ta.

"Gwanjo kike saya mata?"

"Eh, Yaya."

"Sannan ki ce ni na bayar?"

"To me zan ce? Suna ganina ina shigowa da jaka daga gidanki. In ce musu me ke ciki?"

Kunya ta rufe Anti, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk yabon nan da take sha, ƙanwarta ce ke tsugunawa a kasuwa tana tono mata shi cikin tsibin kaya. Ta kasa ɗaga ido. Ƙanwar ta ga halin da take ciki, tausayi ya kama ta, ta dafa mata gwiwa tana neman abin da za ta lallashe ta da shi.

"Kar ki damu, Yaya, kayan naki ba a asararsu. Suna shan ruwa sosai. Duk gidan nan ba mai tsumma irin nawa."