Hannun da Na Dunƙule Daga Challawa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Ringim, ni da ɗan baffana. Mun bar Baba a kwance, kwana tara ke nan ba ya haɗiyar komai sai ruwa. Shi ya aike mu. Yana saurayi ya je Kano neman aiki, ya kwana uku a ƙofar wata masaƙa a Bompai, har wani ma'aikaci mai suna Malam Iro ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya sama masa aiki, ya riƙe shi shekara bakwai. Da aka rage ma'aikata, kunya ta sa Baba ya sulale gida ba sallama. Shekara talatin abin yana cinsa.

"Ka nemo shi," ya ce mini. "Ya yafe mini, ya sa mini albarka. Ina tsoron in tafi a haka."

Kuɗin mota ya ninka na bara, amma an cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. A Dakata tireloli suka tare hanya, muka sha koko da ƙosai muna jira. Ƙosan kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gan shi.

Masaƙar Bompai ta zama sito. Ciyawa ta fito a saman katanga, mai gadin kuma bai ko cire abin jin waƙa daga kunnensa ba ya ce bai san kowane Iro ba. Wani tsohon mai shayi ne ya tura mu Sharaɗa. A can ma yawancin ƙofofin masana'antu a garƙame suke, kwaɗunan sun yi tsatsa. Sai wajen sha ɗaya wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake ta ajiye ludayi da jin sunan. Ta ce Malam Iro ne ya yi wa mijinta jinya har ya rasu. Ta ce yana Challawa, aikin jima ya cinye masa idanu. Ta ƙi karɓar kuɗin abincinmu.

Tun daga nesa warin fata ya tarbe mu. Baƙin ruwa na malala ta gefen gonaki. Muka same shi a zaure, ya rame, fatar hannunsa duk ta saɓule. Ina faɗin sunan Baba ya fashe da kuka.

"Yana raye? Ai ban taɓa riƙe shi a rai ba. Na ɗauka ni na yi masa laifi."

Na ciro waya don in naɗi muryarsa. Ya ce, "Ɗana, mayar da ita. Miƙo hannunka." Ya riƙe tafina na dama, ya daɗe yana addu'a, ya tofa, ya naɗe mini yatsu da kansa. "Kada ka gaisa da kowa da shi sai ka shafa wa mahaifinka a goshi."

Haka na taho da hannu a dunƙule. Na miƙa wa kwandasta kuɗi da hagu, ya tambaye ni ko a gidanmu babu manya. Muna Gezawa aka kira ɗan baffana a waya, ya saurara, ya ce to, sannan ya juyar da fuskarsa waje. Ban tambaye shi ba, tsoro ne ya hana ni.

Mun iso gida dab da la'asar, tabarmi shimfiɗe har bakin titi. Dattawa suka taso suna miƙo mini hannu, na ratsa su ban karɓi ko ɗaya ba. An gama wanka, za a rufe fuska. Na durƙusa, yatsuna sun sandare, sai da ɗan baffana ya taya ni buɗe su. Na shafa a goshin Baba, na ce, "Baba, ya yafe. Ya ce bai taɓa riƙe ku a rai ba."

Jama'a, injinan da suka haɗa mutanen nan biyu sun daɗe da mutuwa, amma alherin Malam Iro ne ya nuna mana hanya har zaurensa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne: in akwai wanda ya taɓa riƙe ka, ka je da ƙafarka tun kana iya tashi. Daga Ringim zuwa Challawa tafiyar wuni ɗaya ce, mu kuma muka makara da awa biyu.