Bargon da Inna Ba Ta Gama Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ranar Laraba ce, ana idar da sallar la'asar, a ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir. A ɗakin akwai ni, da matata Asabe, da Gwaggo Kande maƙwabciyarmu. Liman ya iso bayan ta cika. A gefen gadonta akwai ƙwarya cike da ƙyallaye, da allura a soke jikin wani yanki, zaren bai ƙare ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Inna ɗinkin bargo take yi, irin na haɗa ƙyallaye. Ba sana'a ba ce, domin ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Aikin yana da tsari, ba ta kuma saɓa shi. Da farko tarawa: tsohon zane, hannun rigar da ta mutu, abin da tela ya zubar. Sabon yadi ba ya shiga aikinta. Sai wanki da shanya. Sai yanka, kowane yanki kamar tafin hannu. Daga nan, kullum idan ta sauke tuwo ta yi la'asar, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta haɗa abin da ya sawwaƙa. Wata rana yanki biyu, wata rana ɗaya. Da damina, ranar da ta wuni tana kai abinci gona, ko layi guda ne sai ta ja kafin ta ajiye. Idan fuskar bargon, wato haɗaɗɗun ƙyallayen sama, ta kammala sai ta shiɓe auduga, ta shimfiɗa tsakanin fuskar da tsohon zane, ta rufe. Wannan na ƙarshe a ɗaki take yinsa ita kaɗai, saboda iska da kaji.

Ina yaro ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Sai da na girma na lura cewa ta san asalin kowane ƙyalle. Idan na taka aikinta, ba ta cewa na taka bargo. Cewa take, "Kai wannan, ɗauke ƙafarka daga kan zanen Ladi." Ni ɗan fari ne, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta sosai. Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta ba ni abu da hannunta.

Barguna kuwa waje suke tafiya. Mai jego da ta haihu cikin sanyi, tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, amaryar da iyayenta ba su da ƙarfi. Na gida, in ji ta, yana da ɗaki da wuta. A kusurwar kowane bargo takan sa ɗan ƙyalle mai kusurwa uku, daga wani tsohon saƙi na mahaifiyarta. Wata shekara na je kasuwar Shanono sayen ɗan maraƙi, sai na ga wani dattijo makiyayi ya yafa bargo mai wannan alama. Na tsaya ina kallo har ya tsargu. Ya ce matarsa ce ta zo da shi tun tana amarya, yanzu suna da jikoki. An wanke shi ba adadi, launi ya tafi, amma audugar tana nan kwance lafiyayye, ba ƙulli ko ɗaya. Inna, matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, ga aikin hannunta yana bin shanu daji.

Bargon ƙarshe ta daɗe a kansa. Gwaggo Kande ta tambaye ta na wane ne, sai ta ce, "Na wani ne." Bayan sadakar arba'in Asabe ta warware shi a tsakar gida don ta kakkaɓe. Na duba. Ga kakin makarantata na firamare. Ga shuɗiyar rigar da na sa ranar ɗaurin aurena. Ga wandon da ƙaya ta yaga mini shekarar da na fara riƙe garma. Tun ina yaro take ɓoye su, ban sani ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban ba da izinin a taɓa shi ba sai bara.

'Yata Rabi tana ɗinki a Rijiyar Zaki, cikin birnin Kano, da keke mai amfani da wuta. Ita ta ce a ba ta ta ƙarasa. Na kafa mata sharaɗi: ba keke, ba sabon yadi, kuma a nan gidan. Duk Juma'a takan zo ta zauna a gindin darbejiyar nan, ita da uwarta. Sun cike gefen da ya rage. Ɗinkin Rabi ya fi na Inna miƙewa, wannan gaskiya ne, na kuma faɗa mata sau ɗaya.

Sai aka zo kan auduga. Na hana a gwada a kan bargona, na ce a yi ƙarami tukuna. Suka yi, aka wanke, auduga ta dunƙule a gefe guda kamar curin fura. Suka ƙara yawan ɗinki, ya yi tauri kamar tabarma. Rabi ta duba a waya, ta bi yadda matan wasu ƙasashe suke yi, bai yi ba.

"Baba," ta ce, "tsohuwar nan da me ta riƙe audugar nan? Da tofi?"

Na ce ta iya bakinta, amma ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Amsar tana cikin bargunan da ta gama, ba a ganinta daga waje sai an farke kusurwa. A ƙauyenmu guda ɗaya ya rage, na Gwaggo Kande. Na je na gaishe ta, na yi bayani dalla-dalla. Ta jawo shi ta danne da gwiwa.

"Ɗan nan, ka ci gidanku. Uwarka ta rufe abu, kai ka zo ka buɗe? Ku jira in mutu."

"Allah Ya ja kwana, Gwaggo."

"Amin. To ka ga sai ku yi ta jira."

Ban ga laifinta ba.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Bargo ya cika kasuwa, a cikin leda, mai hoton damisa, ka saya da safe ka rufa da dare. Ba na jin za ta kushe shi. Za ta murza shi da yatsa, ta tambayi zanen wa ne a ciki, idan aka ce ba na kowa ba ne ta ajiye. Abin da zai faranta mata shi ne jikarta zaune a tabarma, keke yana can birni. Abin da ya rage nata ke nan a duniya, bayan addu'ar da muke yi mata: mutanen da suke kwana da ɗumi ba su san sunanta ba, da fuskar bargo guda da ke ninke a akwatina.

Ni yanzu na manyanta, sanyi ya fara shiga ƙashina. Ina so in rufa da abin da ta yi mini tun ina da rai.

Saboda haka ina roƙon mai karatu, musamman na ƙasar Minjibir da Shanono da kewaye. Ka duba tsohon bargon ƙyallaye da ke gidanku, ko na mahaifiyarka, ko na kakarka. Idan ka ga ɗan saƙi mai kusurwa uku a gefe, ka sanar da wannan jarida, ni da Rabi za mu zo har gida. Kusurwa ɗaya za mu farke, a gabanka, faɗin tafin hannu. Mu gani, mu mayar, mu bar maka abinka.