Hannun Tsararo

A bakin tasharmu ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen gwangwanin madarar mai shayinmu. Da wayo ya gaji teburin a wurin kawunsa, ya kuma gaji hannun: ya ɗaga gwangwani sama kamar zai zazzage maka shi duka, ya ɗiga abin da ko kyanwa ba za ta lasa ba, ya cika da ruwa. Shi ya sa muke ce masa Tsararo, yana kuwa amsawa da fara'a. Ba rowa ba ce, in ji shi, ilimi ne, don madara mai kauri ɗaure ciki take yi. Mu da muke sha shekara da shekaru ba mu taɓa musa masa ba.

Sai da furfura ta fara leƙo masa Allah ya ba shi 'ya. Uwar ta sha wuyar haihuwa, nono bai zo ba, asibiti suka ce a haɗa wa jaririyar madarar jarirai, cokalin gwangwani ɗaya ga ruwa iya layin bulumboti. Tsararo ya yi murmushi. A koya masa madara? Ya ce wa matar ta kwanta ta huta, wannan fanninsa ne. Cokali ɗaya ya riƙa rabawa bulumboti uku, tsakani kuma ya ɗura mata ruwa zalla, wai ana zafi.

Kafin sati ya zagayo yarinya ta yi laushi, ta daina kuka, shi kuwa yana yi mana alfahari da 'yarsa mai haƙuri. Wata safiya ta sandare a hannun uwar, ido ya juye, ƙafafu na jijjiga. Ni na kai su asibiti a motata, kuma na tsorata sosai.

Aka ɗebi jini aka auna. Nas, wata dattijuwa mara wasa, ta ce ruwa ya yi wa jikin yawa har ya wanke gishirin jininta, shi ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta tambayi wa ke haɗa madarar. Tsararo ya gyara tsayuwa, ya yi mata bayanin ɗaurin ciki dalla-dalla, har ya ce idan gishiri ne ai yana da shi a teburi, bari ya ɗebo.

"Baba, zauna," ta ce. "Hannunka ya yi aikinsa, ya isa haka."

Aka sa wa yarinyar ruwan leda mai gishiri a aune, yana ɗiga a hankali, ɗigon da ya fi nasa ƙanƙanta. Yana tsaye a bayan gilashi yana kallo. Ta farfaɗo. Likita ya ce sai ta fara zama da rarrafe za a san ko jijjigar ta bar wani abu.

Uwar ba ta yi masa faɗa ba. Cokalin kawai ta ɗaure a bakin zaninta, in ya miƙo hannu zai karɓi bulumboti sai ta ce, "Bar shi, Malam."

Ya koma teburinsa. Na zauna ya haɗa mini shayi, ya tsaya yana leƙen kofin.

"Duk shekarun nan ruwa nake ba ku," ya ce. "Ba wanda ya gaya mini a cikinku."