Kwalekwale a Zauren Mai Gari

Har gobe ina tuna ranar da na tarar da kwalekwalen gwamnati a cikin zaure. A shekarun farin nan ne, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kamun kifi na Damagaram. Gero ya ƙone a gona, amma wani ƙauye a gefen Zermu yana da tafkin da bai ƙafe ba, da kifi a tsakiyarsa inda ƙafa ba ta kaiwa. Biro, wato ofishinmu, ya ba su kwalekwalen katako guda, aka ɗora mini koya musu tuƙi, tun da na yi zama da masunta a Tafkin Cadi.

Manoma ne, ba su taɓa riƙe filafili ba. Wani ya tambaye ni ina ne gabansa, wani ya ce me zai hana iska ta tafi da shi. Na amsa duka, na kuma ja musu kunne su bar shi cikin ruwa. Suka ce to.

Da na dawo bayan 'yan makonni, sai na tarar sun ɗauko shi a ka, sun ɗora bisa duwatsu, sun lulluɓe da tabarmi. Katakon ya bushe ya tsuke, kana hangen haske ta tsakanin alluna. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin shef, shugaban ofishinmu, ya riga ya faɗa cewa ƙauyen da ya lalata nasa, za a ƙwace a kai wani wuri. Mutanen nan kuwa ganye suke dafawa.

Mai gari Malam Ari, da ke kiran kowane ma'aikacin gwamnati Mushe, ya ce, "Mushe, ruwa ruɓar da itace yake. Amanar gwamnati ce, za mu bar ta a jiƙe?"

Na ce, "Baba, maganinsa ɗaya: mu nutsar da shi."

Ya ƙi, dattawa ma suka ƙi. Ni kuma na kafe, na ce ba zan koma Birni ba sai an yi, in ya lalace a kaina. Da ƙyar ya yarda. Muka cika shi da duwatsu, ya nutse, Malam Ari ya juya baya don kada ya gani.

Bayan 'yan kwanaki muka ɗago shi. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, allunan sun matse, sauran kafofin muka toshe da tsumma da kwalta. Shef ya iso ya tarar da mata suna ƙyafe tarwaɗa a bakin tafki, bai tambayi komai ba.

Ku yaran yanzu, in kun kai wa manomi kayan aiki, kada ku tsaya ga "to" ɗinsa. Ku binciki yadda yake adana abin da yake ƙauna. Ba sakaci ne ya kusa raba mutanen nan da abincinsu ba, tsabar riƙon amana ne.